Gudawar Hajiya da muka ɗauka taifot ce

A azumin 2020 ne, lokacin da aka kulle Kano saboda korona ba shiga ba fita, Hajiyarmu ta fara cewa cikinta na murɗa mata. Babu tari, babu mura, numfashi lafiya lau, sai gudawa da tashin zuciya da ɗan zazzaɓi da yamma. Mu dai muka ce ƙosan buɗa baki ne ya ɓata mata ciki, da abin ya kai kwana biyu kuma muka koma cewa taifot ce, na aiki yaro kemis ya karɓo Flagyl da maganin taifot. Wallahi korona ko a raina ban kawo ba, don abin da muke ji a rediyo kullum tari ne da sarƙewar numfashi.

Abin da ya fara ɗaure min kai, na yi mata miyar kuka ta ce "ke 'yar nan kin manta gishiri ne?", alhali na sa, daddawa ma ta ce ba ta jin ƙamshinta sam. Na kira 'yar ƙanwarta da ke aikin nas, tana ji ta ce Yaya ku daina ba ta magungunan nan, ku nemi a yi mata gwaji. An zo an ɗauki samfur ta hanci, bayan kwanaki sakamako ya nuna tana da korona.

Likitan da ke bibiyarmu ta waya shi ya fahimtar da ni. Ya ce ƙwayar cutar tana shiga jiki ne ta wata ƙofa da ake kira ACE2, kuma ba a huhu kaɗai take ba, akwai ta da yawa a jikin hanji, shi ya sa wasu ta ciki abin ke fara musu tun kafin tari ya zo, wasu ma tarin ba ya zuwa. A lardin Hubei na ƙasar Sin an duba masu korona 204, kusan rabinsu suna da matsalar ciki, mafi yawa rashin son abinci. Maganin taifot kuwa ba ya taɓa bairos irin na korona, wani lokacin ma shi ke ƙara gudawar, nan jikina ya yi sanyi don da hannuna na riƙa ba ta.

Inda muka fi shan wahala ruwa ne. Tsohuwa ce ga gudawa ga zafin Kano ga shi ta kafe sai ta yi azumi, leɓenta ya bushe, ido ya faɗa, fitsari ɗan kaɗan kuma ja. Sai da yayanmu ya zauna ya ce Hajiya ki yi haƙuri, Allah ya yi wa mara lafiya rangwame, kya rama, sannan ta yarda. Na riƙa haɗa ruwan gishiri da suga, lita ɗaya na tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ina ba ta kurɓi kurɓi ko ta yi amai in jira kaɗan in ci gaba, sai kunu mara kauri da ayaba.

Banɗaki ma likita ya ja min kunne a kai, ya ce ana samun ƙwayar a bayan gida. Muka ware mata nata da butarta, ina wankewa da Hypo, hannu kuma sabulu har fatata ta fara tsagewa. Jikoki na hana su shiga ɗakin, suna ta kuka a tsakar gida.

Ana saura kwana uku sallah ina soya albasa a kicin, sai na ji ta daga ɗaki tana cewa "wa ke ƙona albasa haka?" Na ajiye ludayin na zauna a ƙasa ina hawaye.