Ranar da na taka ƙanƙara a Ifran

Ziyara ce ta kai mu Fas, ni da kawuna, kamar yadda take kai mutanenmu da yawa zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani a ƙasar Maroko. Watan Janairu ne. Da muka kwana huɗu, mai masaukinmu ya ce bai kamata mu koma gida ba mu leƙa Ifran ba, tafiyar kilomita sittin da 'yan kai ce kawai. Kawu ya tambaye shi ko wani waliyyi ne a can. Ya yi dariya ya ce, "Ƙanƙara za ku gani, Alhaji."

Ni a zatona na san sanyi. A Jos na yi bautar ƙasa, na kuma sha muku-mukun hunturun Kano, lokacin da leɓe ke tsagewa ana yawo da man kaɗe a aljihu. Sai na sa rigar sanyi ɗaya a ƙarƙashin kaftani, na zura sau-ciki da safa, muka shiga tasi. Tun daga garin Imuzzar, inda gonakin tuffa suke tsaye ba ko ganye ɗaya, na fara gane na yi wauta. Da muka sauka a Ifran, minti biyar ban yi ba na daina jin yatsun ƙafata. Dusar ƙanƙara ta jiƙa safar, safar kuma ta daskare.

Garin yana kan tsaunukan Atlas ta Tsakiya, sama da mita 1,600 daga doron teku, wato ya ɗara Jos da kusan mita ɗari huɗu. Amma ba tsayin kaɗai ba ne. Sanyinmu busasshe ne, iskar Sahara ke kawo shi da ƙura. Nasu jiƙaƙƙe ne: iska ce ke tasowa daga tekun Atlantika ɗauke da danshi, idan ta ci karo da tsaunukan ta hau sama ta yi sanyi, sai ta zubo da abin da ta ɗauko. A Fas ruwa ne, a nan ƙanƙara. Wato daminarsu da hunturunsu tare suke zuwa, daga wajen Disamba zuwa Maris, rani kuma bushe yake. A wannan garin ne, ranar 11 ga Fabrairun 1935, aka auna digiri 23.9 ƙasa da sifili, sanyin da ake lissafawa a matsayin mafi tsanani da aka taɓa aunawa a nahiyar Afirka. Da na faɗa wa Kawu haka, cewa ya yi, "To mu me muka zo nema, ɗan nan?"

Abin da ya fi ba ni mamaki ma shi ne gine-ginen. Mun baro Fas mai lunguna kamar cikin birnin Kano, sai ga mu a gari mai faffaɗan tituna, gidaje masu jan rufi mai tsini don ƙanƙara ta riƙa zamewa, da lambuna ko'ina. Ba banza ake masa laƙabi da ƙaramar Suwizalan ba. Faransawa ne suka gina shi a 1929, lokacin da ƙasar ke hannunsu, don ma'aikatansu su riƙa guje wa zafin Fas da Meknas da rani, su ji kamar suna gida. Mutanen ƙasa da ke yi musu aikatau kuwa, a unguwa daban suka zauna, Timdiƙin, can tsallaken kwari. Duk wanda ya san yadda Turawan mulkin mallaka suka yanka wa kansu unguwannin Nasarawa a garuruwanmu ba sai an yi masa dogon bayani ba. Sai bayan samun 'yanci a 1956 'yan ƙasa suka gaji gidajen.

Ashe kuma tambayar Kawu ta ko akwai waliyyi a can ba ta faɗi ƙasa banza ba. Tun kafin Faransawa, a ƙarni na 16, wani sharifi mai suna Sidi Abdussalam ya kafa zawiya a kwarin da ke ƙasa da garin, mutanensa suka zauna cikin kogunan dutse. Sunan Ifran ma, da harshen Amazigh, 'yan asalin yankin, ma'anarsa koguna.

Mun ɗauki hoto gaban wani zaki da aka sassaƙa da dutse a tsakiyar gari, kamar kowa. Mun wuce ta ƙofar jami'ar Al-Akhawaini, wadda aka buɗe a 1995, 'yan'uwa biyun da sunan ke nufi su ne Sarki Hassan na Biyu da Sarki Fahad na Saudiyya.

Daga nan direba ya kai mu Mishlifan, wurin wasan zamiya, cikin bakin wani tsohon dutse mai aman wuta da ya daɗe da mutuwa. Hanyar ta ratsa dajin manyan itatuwan da suke kira arzu, birai zaune gefen titi suna jiran gyaɗa. Gaskiya wurin ƙarami ne, masu tsayawa kan dogayen katakan zamiya ba su da yawa. Akasarin mutane iyalai ne daga Fas da Kasabalanka, sun yi hayar ɗan keken katako, yara na gangarowa suna ihu. Na hau sau ɗaya. Kaftanin ya naɗe, na kife, wata dattijuwa ta yi ta dariya har da riƙe ciki.

A hanyar dawowa na ce wa direban, da gurguwar Larabcina, lallai sun ji daɗi da wannan wasa. Ya girgiza kai. Ya ce shi ɗan ƙauye ne a bayan tsaunin. Idan ƙanƙara ta sauka sosai hanya toshewa take, itacen wuta ya yi tsada, tumaki su rasa abin ci. Amma duk da haka addu'a suke ta sauko, don ita ce ke narkewa a hankali ta shiga ƙasa ta ciyar da maɓuɓɓugai. Kogin Sabu da na Ummur Rabi'i duk daga waɗannan tsaunuka suke tasowa. Shekarun farin da suka jera a baya-bayan nan, in ji shi, har tafkin Dayat Awwa da ke kusa sai da ya ƙafe, mutane na tafiya da ƙafa inda a da ake tuƙa kwale-kwale. Na yi shiru, na tuna yadda manomanmu ke kallon gabas idan Yuni ya shiga ba hadari.

Kawu bai ce uffan ba sai da muka tsaya shan miyar wake mai zafi da shayin na'ana'a. A nan ya ga jallabiyar ulu mai hula a wani shago, bai ko yi ciniki ba ya biya, ya zura a kan babbar riga. Ya kawo ta Kano. Sau ɗaya ya gwada sa ta zuwa sallar asuba da hunturu, kafin liman ya sallame gumi ya jiƙa shi sharkaf. Yanzu tana ƙasan akwati.