Filin da ke bayan katangarmu da takardar da na ƙi sa wa hannu

Tun lokacin da muka tare a wannan rukunin gidaje na ɓangaren Lokogoma, a kudancin Abuja, filin da ke bayan katangarmu yake nan babu gini, sai gonakin masara da rogo da wasu Gbagyi ke nomawa, da wani rafi da ya ratsa ta gangarensa, wanda da rani yaro ma kan tsallake shi, amma a watan Agusta babban mutum ba ya kusantarsa. A makonnin baya ne labari ya iso mana cewa kamfanin da ke riƙe da takardun filin ya miƙa taswirarsa ga hukumar tsara birni yana neman izinin gini, kuma abin da yake son ginawa gauraye ne: manyan gidaje masu zaman kansu ta gaba, jerin gidajen bene masu jingine da juna a tsakiya, dogayen benaye masu ciki da falo da masu ɗaki biyu ta can baya, sannan layin shaguna a bakin titi.

Doka ce ta sa maganar ta zo kunnenmu kafin katafila ta iso. Dokar tsara birane ta 1992 ta wajabta wa wanda zai gina gidajen zama a filin da ya haura hekta 2 ya haɗa da rahoton yadda aikin zai shafi muhalli a cikin takardun neman izininsa, kuma tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2003, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar, cewa tsara gari hurumin jihohi ne, Abuja ce ta zama wurin da wannan doka ta tarayya ke aiki kai tsaye. Masu haɗa wa kamfanin rahoton ne suka rubuto wa ƙungiyar mazauna rukuninmu suna neman jin ra'ayin maƙwabta, su kuma shugabanni suka ga cewa tun da ƙofa ta buɗe, gara a rubuta wa hukuma ita kanta.

An kira taro ranar Asabar bayan la'asar a harabar da ke kusa da masallaci, kuma ban taɓa ganin taron ƙungiyarmu ya cika haka ba, domin ranar da ake maganar kuɗin masu gadi da kwasar shara kujeru ne suka fi mutane yawa. Shugaba ya karanta daftarin takardar da kwamiti ya shirya. Ba ta ce komai a kan manyan gidajen ba, ta yi wa shagunan ƙorafi kaɗan, sannan ta zuba dukan ƙarfinta a kan benayen baya, tana roƙon hukuma ta soke su baki ɗaya saboda za su kawo cunkoso, su lalata tsaro, su kuma karya darajar gidajenmu. Aka yi tafi, aka fara zagayawa da takardar ana sa hannu.

Da ta iso gabana sai na nemi izinin magana. Na ce, "Ranka ya daɗe, Shugaba, ina so a faɗa mana su wane ne za su zauna a ciki da falon nan da muke gudu." Ya yi murmushi ya ce, "Malam, kai ma ka sani. Yau mutum ɗaya zai kama haya, gobe ka tarar da mutum goma a ciki, ba ka san daga inda suka fito ba." Na amsa masa cewa ni dai na san daga inda suke fitowa, domin kullum da asuba ina ganinsu a bakin get: malamar da ke koyar da 'ya'yanmu, da ma'aikaciyar jinya, da direba, da mai gyaran wuta, da ɗan sandan da muke kira idan an yi mana sata. Wata Hajiya ta ce mini, cikin ladabi amma da zafi, "Malam, kai ka sayi gidanka ne don ka yi wa gwamnati aikinta?" Tambayar tana da nauyi, kuma ban raina ta ba. Na dai miƙa takardar ga na kusa da ni ba tare da na sa hannu ba.

Dalilina na farko yana cikin tarihin garin nan. Lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa Babban Birnin Tarayya da Doka ta 6 a watan Fabrairun 1976, bayan rahoton kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, an ba wani gungun kamfanonin Amurka aikin zana babbar taswirar birnin, suka kammala a 1979. Sun yi hasashen mutum miliyan 1.6 zuwa shekarar 2000, da sama da miliyan 3 idan birnin ya cika, kuma sun gina tsarin ne a kan ƙananan unguwanni, kowace da makarantar firamarenta da shagunanta da asibitin sha ka tafi, tare da gidaje iri-iri a cikin gunduma ɗaya. Wanda ya san Garki da Wuse a shekarun da suka biyo bayan dawowar gwamnati Abuja a watan Disambar 1991 zai tuna cewa ƙaramin ma'aikaci da maigidansa sukan zauna a gunduma guda, ɗaya a ƙaramin ɗaki a bene, ɗaya a gida mai fili, 'ya'yansu kuma su haɗu a aji ɗaya. Gaurayen da maƙwabtana ke kallo a matsayin baƙon abu shi ne asalin abin da aka zana wa Abuja.

Abin da ya faru daga baya kowa ya gani. Aka sayar da gidajen gwamnati a zamanin Shugaba Obasanjo, farashin haya a tsakiyar gari ya fi ƙarfin albashi, masu ƙaramin ƙarfi suka yi ta ja da baya zuwa Nyanya, wadda asalinta sansanin leburorin da suka gina birnin ne, da Karu da Kubwa da Kuje, har suka tsallaka iyaka zuwa Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa, da Suleja a Jihar Neja. Shirin gidajen jama'a da aka ɓullo da shi a shekarar 2000, inda ake ba kamfanoni manyan filaye don su gina wa mutane da yawa, shi ne ya haifi mafi yawan rukunonin da ke Lokogoma, har da namu, amma gidajen da suka fito daga cikinsa ba na mai ƙaramin albashi ba ne. Sakamakon yana kan hanyar Keffi kowace safiya, inda motoci ke jeruwa tun daga Mararaba har su gangaro Asokoro, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ya san yawan abin da kuɗin mota ke cinyewa kafin ya kai ga cefane. Cunkoson da muke kuka da shi a hanyoyin shiga gari, wani kaso nasa mu muka haife shi da irin takardar da aka karanta a taronmu, domin mutumin da aka hana kwana kusa da wurin aikinsa dole ne ya hau mota sau biyu a rana.

Wannan ba ya nufin na amince da taswirar kamfanin. Na shafe dare biyu ina dubanta tare da wani maƙwabcina, tsohon injiniya da ya yi ritaya, kuma abin da muka gani ya fi abin da kwamiti ya gani tayar da hankali. An bar jaki ne ana dukan taiki.

Babban abin shi ne rafin. Gona tana shan ruwan sama, ta riƙe shi, ta sake shi a hankali, amma rufin kwano da kwalta da dandamalin siminti ba sa shan ko ɗigo, sai dai su tattara shi su watsa shi gangare cikin mintuna kaɗan. Idan aka rufe wannan fili duka da gini, ruwan da rafin zai ɗauka a daren da aka yi mamako zai ninka na yanzu, alhali kwalbatin da yake bi ta ƙarƙashin titinmu an yi shi ne daidai da ruwan gona. A kan taswirar, rafin ya zama siririn layi da aka miƙe shi sambal kamar da rula, aka matse shi tsakanin katangu biyu, kuma benayen masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda ake ta faɗa a kansu, su aka jera a bakinsa, a wuri mafi kwari a filin. Manyan gidajen suna kan tudu. Injiniya ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce, "Malam, ruwa ba ya karanta taswira, hanyarsa ta da ita zai bi." Mu mazauna Lokogoma ba ma buƙatar a ba mu labarin ambaliya, kuma wanda ya manta sai ya tuna abin da ya faru a Lugbe a watan Yunin 2023, lokacin da ruwa ya shanye gidaje da motoci a wani rukuni har aka ayyana wurin a matsayin yankin bala'i. Idan aka gina kan hanyar ruwa, ƙarshen maganar shi ne jan fenti a jikin katanga da rusau, kuma wanda ya saya da guminsa shi ke kwana a waje. Tun ran gini, tun ran zane.

Sai kuma tsarin yadda za a yi aikin. Kamfanin ya kasa ginin kashi-kashi, ya sa manyan gidaje a kashin farko, benayen ciki da falo a na ƙarshe. Duk wanda ya daɗe a Abuja ya san yadda irin wannan labari ke ƙarewa: ƙananan gidaje su ke ƙawata takardar neman izini, su sa a ce aiki ne na jama'a, amma da zarar an sayar da manya an mayar da kuɗi, sai a koma a nemi sauya taswira, filin ƙananan ya zama wasu manyan. Haka ake yi wa fulotin makaranta da na wurin wasan yara, waɗanda su ma na gan su a taswirar da koren launi mai kyau. A rukuninmu ma akwai wurin da aka nuna mana a takarda a matsayin filin wasa lokacin da muke biyan kuɗi, yau gida ne mai get biyu, yaranmu kuma a kan titi suke buga ƙwallo. Saboda haka abin da nake tsoro ya sha bamban da na Shugaba. Shi yana fargabar za a gina benayen, ni kuma na fi zaton ba za a taɓa gina su ba.

Ƙorafin maƙwabtana a kan hanya da wuta gaskiya ne, kuma na faɗa musu haka. Titi ɗaya ne ke fitar da mu zuwa babbar hanya, taransifomarmu tana nishi tun yanzu, kuma kowane gida a nan da rijiyar burtsatse da sokawe yake rayuwa, domin bututun ruwan madatsar Usuma da babbar magudanar ƙazanta ba su riga sun zo mana ba. Dogon bene mai iyalai da yawa a kan sokawe, kusa da rafi, kusa da rijiyoyin da muke sha, abu ne da ya cancanci a tsaya a kansa sosai. Amma maganin wannan shi ne a ɗora wa kamfanin sharaɗin buɗe hanya ta biyu, da kafa tasa taransifomar, da gina matattarar tace ƙazanta ta bai ɗaya, ba a kori mutanen da za su zauna a ciki ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Akwai waɗanda ba a ambace su ko sau ɗaya a taron ba, wato manoman. Doka ta damƙa duk ƙasar Babban Birnin Tarayya a hannun Gwamnatin Tarayya, don haka abin da manomi kan samu idan aiki ya zo shi ne diyyar amfanin gona da itatuwa. Iyayensu suna noma wannan gangare tun kafin a san za a yi Abuja, kuma su ne suka fi kowa sanin inda ruwa ke kaiwa a shekarar da damina ta yi ƙarfi. Da na tambayi ɗaya daga cikinsu, wani dattijo, sai ya kai ni ya nuna mini wata bishiyar mangwaro ya ce, "Yallaɓai, ruwa yana taɓa gindin wannan." Mangwaron yana tsakiyar wurin da taswira ta sa bene na biyu.

Na rubuta tawa takardar daban. Na roƙi hukuma ta amince da gaurayen gidajen, amma ta sa a auna iyakar ambaliyar rafin a ƙasa, a bar masa filinsa ba gini, a ɗauke benayen daga kwari a hau da su tudu ko da hakan zai rage yawan manyan gidaje. Na roƙi a rubuta cikin takardar izini cewa kowane kashi na aikin zai ƙunshi rabonsa na ƙananan gidaje, a kuma fitar da fulotin makaranta da lambarsa daban yadda ba zai narke cikin sauran ba. Na ƙara da cewa a sa farashin wasu daga cikin ƙananan a inda ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa zai iya neman rancen saye, tun da don irin wannan aka kafa asusun a 1992.

Takardu biyu ke nan suka tafi daga rukuninmu, ta kwamiti da sa hannun mafi yawan masu gidaje, tawa kuma da nawa da na Injiniya da na wasu 'yan tsiraru, cikinsu har da Hajiyar da ta yi mini tambaya, wadda ta zo gidana bayan kwana uku ta ce ita benayen har yanzu ba ta so, amma gidanta ne na farko a bakin kwalbatin. Shugaba yana gaishe ni a masallaci, sai dai gaisuwar ta gajarta. A makon jiya jami'ai sun dawo da safiyo, sun bi gefen rafin suna kafa turaku, kuma an ce za a sake zama idan kamfanin ya kawo gyararriyar taswira. Na roƙi sakataren ƙungiya ya sanar da ni ranar, domin ina so in ga ta wane gefen mangwaron nan sabon layin zai bi.