Kafin a ce kwalba ta mutu

Gyaran talabijin ne sana'ata tun zamanin masu ƙaton baya, kuma shagona a Kano ƙarami ne, ni da yara biyu. Da talabijin shafaffu suka cika kasuwa sai aikin namu ya ja baya, amma akwai wani kaya da har yau in an sauke shi a ƙofar shago nake jin daɗi: akwatin gem na tsaye, wanda ake jefa masa tsaba a buga a tsaye. Jefi-jefi yake shigowa cikin kayan gwanjo, wani Street Fighter II ne na kamfanin Capcom da ya fito a 1991, wani Neo Geo na SNK. Masu kawo shi maganarsu ɗaya ce: "Malam, gilashin ya mutu, a sa mini na zamani."

Yawanci kwalbar, wato ƙaton gilashin da ke nuna hoto irin na talabijin mai ƙaton baya, lafiyarta lau. Shi ya sa nake fara aiki da kunne. In na kunna na ji kiɗan gem ɗin amma fuska duhu, fanel ɗin wasan, wato allon kayan lantarkin da ke ɗauke da gem ɗin, na da rai, ciwon na wajen hoto ne. Sai in leƙa wuyan kwalbar ta baya: in akwai ɗan jan haske a ciki, wuta na isa wurin. Sannan a duba abin da aka ba injin ya ci. Na Amurka wutar bolt 120 suka sani, na Japan 100, tamu kuwa 230 ce, ga janareta da ke hawa da sauka. Da yawa a ranar farko aka ƙone su.

Akwai wata taransifoma a ƙasan akwatin da ke raba fanel ɗin hoto da wutar gari. Fanel ɗin hoto irin su Electrohome G07 da Wells-Gardner K7000 ba sa aiki lafiya sai da ita. Wani mai wayo zai ga kamar nauyi ce kawai, ya tsallake ta, ya haɗa kai tsaye. Ranar nan fiyus da fanel sai haƙuri, shi ma in ya taɓa ƙarfen jikin zai ji a jikinsa.

Yaro ba ya sa hannu a ciki sai na sauke wutar kwalba da kaina. Tana aiki da bolt sama da 20,000, kuma tana riƙe saura ko an cire soket. Waya nake maƙalawa a ƙarfen firam, ɗaya bakin a jikin sukundireba, hannu ɗaya a aljihu, in zura ta a hankali ƙarƙashin robar nan mai kama da faifai da ke manne a bayan kwalbar. Sai ka ji ƙas! In jira kaɗan, in sake. Ƙaramin yarona yakan ce, "Maigida, ai ta sauka." Ina sakewa dai.

Daga nan hoton ne ke faɗin ciwonsa. Layi ɗaya mai haske a kwance a tsakiya, ɓangaren da ke buɗe hoto sama da ƙasa ne ya tsaya, kuma a kashe nan take, don layin zai ƙone fuskar ya bar tabo har abada. Hoto mai rawa, ko wanda ya naɗe daga sama, ko ya dushe, kafasitoci, ƙananan kayan da ke tara wuta a jikin fanel, ne suka bushe. Shekara talatin cikin zafi ba wasa ba ce, don haka ba na tsintar ɗaya-ɗaya, duka nake sauyawa. Hoton da ke dawowa in an mari akwatin, dalma ce ta tsage a ƙafafun kaya masu nauyi. In ko kana jin tsit-tsit da warin ƙuna, filaibak, taransifomar da ke samar wa kwalba babbar wuta, ce ta fashe, kuma takan tafi da babban taransistan da ke tuƙa ta. Ƙurar hunturu in ta sha laimar damina ita ke buɗe wa wutar hanya. Tabon shuɗi ko kore a kusurwa kuwa maganaɗisu ne, minti biyu ya isa a goge shi.

In mai kaya ya dage sai na zamani, ina sa masa, amma sai na gaya masa gaskiya. Waɗannan injina hoton kilohaz 15 (awon saurin zana layukan hoto) suke fitarwa, allon kwamfuta kuwa daga 31 yake farawa, dole a sa wani fanel a tsakani. Yakan kawo ɗan jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsi, launin ma ya bushe, sannan gem ɗin bindiga irin Time Crisis ba zai harbu ba sam, domin bindigar hasken kwalba take karantawa.

Damuwata yanzu an daina ƙera kwalbar. Tsofaffin talabijin nake bi ina saya don in ciri tasu, in girman da ƙafafun wuya da awon naɗin wayar sun dace. 'Yan jari-bola ne abokan takarata: su jan ƙarfen da ke wuyan kawai suke so, da guduma suke fasa sauran. Na yi da biyu daga cikinsu su riƙa biyowa ta shago kafin su fasa, ina ƙara musu a kan kuɗin jan ƙarfen.