Amfilifayar batir ta masallaci da Islamiyya: wane firi za ka sa wa makirufo?

Yawancin amfilifayar da ake haɗawa da hannu a garuruwanmu na wajen Kano da Jigawa, daga batir mai bolt 12 take ci, irin wanda sola ke caji. Mai haɗawa yakan kashe kuɗinsa da hankalinsa a kan sashen ƙarfi, ya bar sashen da murya ke fara shiga, wato firi, a hannun sa'a. Daga baya sai a ji ladan yana kiran salla muryarsa na dusashe, ko hon, wato lasifika mai siffar ƙaho, yana "shhh" tun kafin a yi magana, a ɗora wa lasifika laifi. Alhali sashen ƙarfi abin da aka miƙa masa kawai yake ƙara wa girma, mai kyau ne ko datti.

Bari mu sallami sashen ƙarfin da wuri. A kan batir, ayisi (IC, ƙaramin guntun lantarki mai ƙafafu) TDA7297 ko ƙaramin bod na TPA3116D2 su ne daidai. Kada rubutun jikin kwali ya ruɗe ka: da bolt 12, iyakar abin da za ka samu bai wuce wat 18 a lasifika mai om 4 ba, rabin haka a om 8. Hon na masallaci sau da yawa om 16 ne, to haɗa biyu, ja da ja, baƙi da baƙi, su koma om 8. TDA2030 da ta cika kasuwa tana son wuta fiye da haka, a batir ɗaya ba ta da wani kataɓus. Sa fiyus na amf 3 a jan waya, kafasito duk su zama masu bolt 25, domin batir na kai 14.4 idan rana ta take.

Lissafin firi ga shi. TDA7297 tana ninka sauti sau 40, don haka tana buƙatar kusan bolt 0.2 kafin ta cika. Wayar salula ko rediyo suna ba da fiye da haka, su boliyum kawai za ka sa musu, ba sa son firi ko kaɗan, in ka sa ma murya fashewa za ta yi. Makirufo na hannu kuwa, mai koyil a ciki, milibolt biyu zuwa biyar yake fitarwa. Shi ne ake ninkawa sau 50 zuwa 100.

Hanya mafi araha transisto ɗaya ce, C945 ko C1815, waɗanda za ka iya cirowa a tsofaffin rediyo; ƙafafunta uku su ne kolekta, bes da emita. Rizisto 4.7k daga wuta zuwa kolekta, 470k daga kolekta zuwa bes, om 100 daga emita zuwa ƙasa, wato layin baƙar wayar batir, kafasito 1µF a shiga, 10µF a fita. Da wutar bolt 9, mita za ta nuna maka tsakanin bolt 3 da 5 a kolekta. Ninkin bai wuce sau 35 zuwa 40 ba. Akwai masu cire om 100 ɗin nan don ƙarar ta ƙaru, kuma tana ƙaruwa, sai dai da malami ya ɗaga murya sai ta kece. Ka kula da ƙafafu: in ka fuskanci rubutun, C945 emita ce, kolekta, bes, BC547 kuma kolekta, bes, emita. Musanya su ba tare da lanƙwasa ƙafa ba shi ke sa bod ya yi shiru. Aibin wannan hanya shi ne kowace transisto da halinta, kuma zafin Afrilu da Mayu a ɗakin kwano yana gusar da ita daga inda ka saita ta. Ga ajin yara ashirin ta wadatar. Ga hon huɗu a kan hasumiya, a'a.

Ni a wurina ayisi mai ƙafa takwas ita ce zaɓi, kuma abin daɗin shi ne 4558 da TL072 da NE5532 da LM358 duk jerin ƙafafunsu ɗaya ne. Saboda haka kada ka liƙa ayisi kai tsaye da darma. Sa soket, ka riƙa cirewa kana sa wata, kunnenka ya yi alƙalanci.

Ga yadda ake haɗa ta a batir ɗaya. Ƙafa ta 4 ƙasa. Ƙafa ta 8 tana karɓar wuta ta cikin om 100, da 470µF zuwa ƙasa, da 100nF dab da ƙafar. Jera 47k guda biyu daga nan zuwa ƙasa, tsakiyarsu ta ba ka rabin wuta, ka ɗaure ta da 47µF zuwa ƙasa, sannan ka ja wani 47k daga tsakiyar zuwa ƙafa ta 3. Makirufo ya shiga ƙafa ta 3 ta cikin 1µF. Sa 100k tsakanin ƙafa ta 1 da ta 2, da 47pF a kansa. Daga ƙafa ta 2 kuma 1k ne da kafasito a jere zuwa ƙasa. Ninki ya zama 101. Fita daga ƙafa ta 1 ta cikin 10µF, gefensa mai alamar + na kallon ayisi, zuwa boliyum 50k. Ayisin nan amfilifaya biyu ce a ciki, to rabin da bai yi aiki ba kada a bar shi a sake: haɗa 6 da 7, ka kai 5 wurin rabin wuta. Kafin ka jona lasifika, auna ƙafa ta 1. In ba ta kusa da bolt 6 ba, akwai kuskure, yawanci ɗigon darma ne ya haɗe layi biyu na bod.

Wancan kafasito da ke bayan 1k ya cancanci a tsaya a kansa, don nan ake ceton hon. Da 10µF, sauti na wucewa tun daga haz 16 (haz ma'aunin kauri da sirantar sauti ne, ƙaramin adadi shi ne mai kauri), abin da akwatin lasifika na biki ke so. Hon kuwa ba a yi shi don kaurin sauti ba, shi ke ƙona masa koyil. Sa 1µF ya yanke abin da ke ƙasa da haz 160, ko 0.47µF ya yanke daga wajen 340. Murya za ta fi fita tas, ta fi nisa, batir ma ya fi jimawa.

To wace ayisi? LM358 a bar ta wa aikin caja da sensa. Tana da ɗan tsalle a tsakiyar igiyar sauti wanda ke sa murya kaushi, kuma a ninki 100 ba ta wuce haz 10,000. 4558 ita ce jakar aiki: tana cikin tsofaffin DVD da rediyon mota, ba ta da cin wuta, kuma a hon ba za ka ji bambancinta da masu tsada ba. NE5532 ta fi kowacce shiru da makirufo mai koyil, ƙarar "shhh" ɗinta ƙasa take ƙwarai, amma tana jan kusan miliamf 8, kuma ba ta son wuta ta sauka ƙasa da bolt 10. Jabunta ma ya yi yawa, ko a Sabon Gari ka saya ka duba rubutun: wanda ke gogewa da ɗan yatsa abin zargi ne. TL072 wurinta daban. In faifan fiyezo, wato ɗan faifan da ke ɗaukar sauti daga girgizar abin kiɗa, za ka manna a jikin gurmi ko garaya, ita ce, sai ka mai da 47k na ƙafa ta 3 ya zama 1M, in ba haka ba sautin zai fito siriri. Da makirufo na hannu kuwa ta fi NE5532 hayaniya. Ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuya, mai suna elektiret, yana son a ba shi wuta ta cikin 4.7k zuwa 10k, kuma ninki 20 zuwa 30 ya ishe shi, sai a rage 100k zuwa 22k.

Sauran matsaloli kusan duk na waya ne. In ka ji "fut-fut-fut" da ka ƙara boliyum, firi na shan wuta ɗaya da sashen ƙarfi ba tare da om 100 da 470µF ɗin nan ba. In gurnani ne mai kauri, ƙasa ce: duk wayoyin ƙasa su haɗu a wuri ɗaya, gindin babban kafasito, kada ta sashen ƙarfi ta bi hanyar ta makirufo. In tashar rediyo ko "dit-dit-dit" na wayar salula ke shigowa, sa 1k a jere da shigar makirufo, da 470pF daga ƙafa ta 3 zuwa ƙasa, kuma wayar makirufo ta zama mai raga a jiki. Wani ƙara da ke zuwa da rana ya ɓace da dare na kwantirolan sola ne, maganinsa a ɗauki wuta daga kan batir kai tsaye da gajeriyar waya mai kauri. Boliyum mai ƙarce-ƙarce lokacin hunturu ƙura ce, amma in sabo ne yana yi, 10µF na fita ne ke yoyon wuta ko an juya shi. Firin kuma a sa shi cikin gwangwanin ƙarfe da aka haɗa da ƙasa, nesa da bod ɗin TPA3116D2 da aƙalla faɗin tafin hannu.