Na je Lofoten, inda kawunan kifin Sabon Gari suke fitowa

Jama'a na dawo daga Lofoten, har yanzu yatsuna ba su gama dawowa daidai ba. Wasu tsibirai ne can ƙuryar arewacin Norway, abokin karatuna ɗan can ne, shi ya matsa min wai in ban ga lokacin kamun kifinsu ba to ban ga ƙasar ba. Daga Oslo zuwa Bodo jirgin sama ne, ba wani labari. Daga Bodo muka shiga ƙaton jirgin ruwa mai ɗaukar motoci zuwa Moskenes, awa uku da 'yan kai.

Kafin ma mu isa gida wari ne ya tarbe mu. Ko'ina ka duba wasu dogayen katakai ne an kafa, an rataye kifi bibbiyu an ɗaure su ta wutsiya, dubbai, ba gishiri ba hayaƙi, iska da sanyi kawai ke aikin, daga wajen Fabrairu har zuwa Mayu ko Yuni. Mu da muka saba sai an yi banda saboda ƙuda da zafi, nan sanyin bai kai ya daskarar da naman ya lalata shi ba, kuma bai bar ƙuda ya rayu ba. Kifin kod ne, su suna ce masa skrei, daga tekun Barents yake gangarowa duk hunturu ya zo ya zuba ƙwai a nan. Tekun Lofoten kuwa duk da ƙanƙarar da ta rufe duwatsu ba ya daskarewa, saboda wani ruwa mai ɗumi da yake kwararowa tun daga gefen Amurka.

A gidan mahaifin abokina muka sauka kusa da ƙauyen Reine, tsohon masunci ne. Mutanen nan ba su iya gaisuwa ba sam, ba ina kwana ba ya iyali, kalma ɗaya a ɗaga kai shikenan, kuma yaro ƙarami zai kira dattijo da sunansa gatsal. Ni dai bakina ya ƙi, Baba nake ce masa. Amma da ya ji daga Najeriya nake, wallahi mutumin da bai yi magana goma ba tun isowarmu sai ga shi ya ja hannuna zuwa bayan rumbu ya nuna min kawunan kifi an shirya su a igiya, tuli guda, ya ce duk naku ne. Gangar jikin mai kyau Italiya take tafiya, tun 1432 da jirgin wani ɗan kasuwar birnin Benis na Italiya mai suna Querini ya lalace ya tsira a tsibirin Rost ya koma gida da busasshen kifin. Kawunan kuma Legas. Wato okporoko ɗin nan da 'yan'uwanmu Ibo suke saya da tsada a Sabon Gari, wanda muke toshe hanci in mun wuce, ga shi a gidansu. Abin ya ɗan sosa min rai, su nama mu ƙashi, amma Baba ya ce ba don kasuwar Najeriya ba da yawancin kawunan ba su da mai saya.

Ko harshen kifin ba a bari ya tafi. Yara 'yan makaranta ne ke yanke shi, su soka kan a wani tsinin ƙarfe su zare da wuƙa cikin ƙiftawar ido, su sayar, kuɗin nasu ne ba na uba ba. Wannan kam ya burge ni.

Ranar fita teku, mai raba kayan sanyi a bakin gaɓa ya kalli jaket ɗina sama da ƙasa ya wurgo min wata riga mai haɗe da wando, ya ce in na faɗa ruwa da wannan tawa mintuna kaɗan ne, ba zai ɓata man jirginsa wajen nema na ba. Ba murmushi ba komai. Gaskiya ya faɗa amma ai akwai yadda ake faɗa wa baƙo. Muka fita, fatsar tasu ba tana ba komai, wani ƙarfe ne mai sheƙi nauyinsa ya kusa rabin kilo da ƙugiya a gindi, ka sake shi har ƙasa ka riƙa fizga kana saki. Na'urar jirgin ita ke nuna inda garken kifin yake. Da na kamo na farko na ɗauka dutse na maƙale, kana nannaɗo zare hannu ya mutu cikin safa, jirgi na wurgi da kai, amai na tasowa, ruwan da ya fantsamo ya zama ƙanƙara a gemu. Tsayin kifin ya kai ƙuguna. A nan na daina ganin tsadar busasshen kifi.

Da dare Baba ya dafa mana molje, naman kifin da hanta da ƙwansa da dankalin turawa, ba yaji ba magi ba albasa soyayya. Na ɗauko yajin da nake yawo da shi na barbaɗa, ya ɗanɗana ya yi ta tari. Na miƙa masa kuɗin kwana ya ƙi karɓa, wanda a Norway ba ƙaramin abu ba ne, ƙasar da kofin shayi in ka juya kuɗinsa zuwa naira sai ka fasa sha, kuma ko tsabar kuɗi ba a son gani sai kati. Ruwan famfo ne kawai kyauta.

Garuruwan Svolvaer da Henningsvaer wucewa kawai muka yi, a Henningsvaer na ga wani filin ƙwallo da ke kan dutse tsakiyar teku. Gasar kamun kifin da suke yi a Svolvaer sai ƙarshen Maris, ban jira ba, karatu na jira na. Firizar ɗakinmu a Oslo yanzu kifi ya cika ta ba wurin saka komai, duk wanda yake kusa ya zo da leda.