Ranar da na kai Kawu bayan tsibiri

Jiya da yamma na leƙa kasuwar Farin Gada ta Jos wajen Kawu zan karɓo dankali, na tarar ya tara mutane a bakin rumfa yana ba su labarin Malesiya, labarin da ya fi shekara biyar yana bayarwa kuma kullum sai ya ƙara masa gishiri. A bakinsa yanzu duriyan ɗin (wani ɗan itace ne mai ƙaya na can) da ya faɗo kusa da shi ya kai girman tulu, wai da ya matsa taku ɗaya da tuni an sha gumbarsa. Yana hango ni ya ce yauwa Dakta zo ka ba da shaida. Na ce Kawu ku rufa min asiri, ni dankali na zo karɓa. To amma tunda na dawo gida abin ke min yawo a kai, shi ne na ce bari in rubuta yadda aka yi tun kafin duriyan ɗin ya kai girman Keke Napep.

A 2018 ne, ina karatun digiri na uku a jami'ar kimiyya ta Malesiya (USM) da ke tsibirin Penang, madam ta sauka, Hajiyarmu ta ce ita za ta zo zaman jego, Kawu kuma ƙaninta ne shi ya rako ta. Satin farko na yi musu abin da kowane ɗalibi ke yi wa baƙinsa, na kai su George Town wanda UNESCO ta saka cikin wuraren tarihi na duniya a 2008, muka yi salla a masallacin Kapitan Keling, muka hau jirgin nan mai hawa dutsen Penang Hill, muka tsallaka tsohuwar gada mai kilomita 13.5 da aka buɗe a 1985 muka dawo, aka sha hoto aka tura gida. Hajiya dai ba ta da matsala, jikanta na hannu duniya ta yi daɗi. Kawu ne fa. Mutumin da ya saba da sanyin Jos ka kawo shi inda ko wanka ka yi kafin ka saka riga gumi ya sake yi maka wani, ga gida hawa na tara ba tsakar gida ba maƙwabcin da za a yi hira da shi, ga agogo ya rikice masa saboda sun riga Najeriya da awa 7, magariba sai wajen bakwai da rabi. Ran nan da safe ya kalle ni ya ce, wai su mutanen nan siminti suke ci ne? Ina gonakinsu?

Shi ne na ce to gobe ku shirya.

Abin da baƙi da yawa ba su sani ba shi ne tsibirin nan tsaunuka ne suka raba shi biyu ta tsakiya. Gabas ita ce ta birni da otal-otal da masana'antun kayan lantarki na Bayan Lepas inda su Intel suke tun shekarun 1970. Yamma kuwa ana ce mata Balik Pulau, da yarensu ma'anarsa bayan tsibiri, kuma wallahi sunan ya dace da wurin don ji za ka yi kamar ka zagaya bayan gida ne ka tarar da garke da rumbu. Na aro wata 'yar mota ƙirar Myvi wajen abokina, muka bi ta Relau muka kama hanyar Tun Sardon, hanya ce mai lanƙwasa kamar macijiya tana hawa tana sauka, Hajiya a baya ta ƙanƙame carbi tana ta hasbunallahu tana cewa kai wannan ka yi a hankali (ɗan fari ne ni, har gobe ba ta kama sunana), Kawu kuma ya ce ina abin yake, ai bai kai Hawan Kibo ba. Abin da ya fi damunsa shi ne tuƙin hannun hagu, duk motar da ta ɓullo a kwana sai ya taka birkin da babu a gabansa, daga baya ya tuna ai mu ma haka muke kafin a canza hannu a 1972, yana yaro lokacin.

A motar ne ma muka yi musun kwakwar manja. Ya ce ai daga wajenmu suka saci irin. Na ce Kawu asalin bishiyar ta Afirka ta Yamma ce wannan gaskiya ne, amma Turawan Holan ne suka fara kai ta Bogor a Indunusiya tun 1848, a Malaya kuma an fara nomanta na kasuwanci a 1917, ko Najeriya ba ta daɗe da haɗewa ba. Ya ce boko dai, boko dai. Aka bar maganar.

Muna gangarowa sai ga fili ya buɗe, shinkafa kore shar har gindin tsauni, bishiyoyin kwakwa, gidajen katako a kan dirkoki, kaji na kiwo a ƙarƙashinsu, wata tsohuwa da ɗankwali a kan babur ta wuce mu da buhu a gaba. Kawu ya ce tsaya. Ya fita da babbar rigarsa ya tsuguna a bakin kwalbati ya ɗebi ƙasa ya murza, ya bi hanyar ruwan da ido har inda ƙofar ƙarfen take wadda ake buɗewa a rufe, ya daɗe bai ce komai ba. Shi fa mutum ne da ya yi shekaru yana noman rani da ruwan kududdufan da haƙar kuza ta bari, da injin ban ruwa da kuɗin fetur da rigimar tiyo, to ya ga ruwa na bin gona da ƙafarsa. Da na gaya masa su ma sun ci arzikin kuza kamar Jos, har sun taɓa zama na ɗaya a duniya, sai ya girgiza kai kawai ya koma mota.

Gonar da na kai su a jikin tsauni take, ta wani dattijo Bamalaye da muke ce wa Pak Cik, wato kawu ke nan da yarensu, kun ga Kawu ya haɗu da Kawu. Nan Hajiya ta fara ganin gyaɗar ƙamshi a kan uwarta. Ita duk zamanta ƙwallon kawai ta sani a kasuwa, ashe ɗan itace ne kamar ƙaramar gwaba, in ya nuna sai ya tsage da kansa, a ciki ga ƙwallon an lulluɓe shi da wani jan abu kamar leshi, shi ma jan abun kayan ƙamshi ne ana shanya shi daban a sayar, naman kuma su yi lemo da shi ko su jiƙa shi a sukari. Aka kawo mana lemon da ƙanƙara, yana da ɗan bauri da yaji-yaji a maƙogwaro. Sai Pak Cik ya tsinko wani ganye ya murza ya miƙa mata, tana shinshinawa ta ce la ilaha illallahu, kanumfari! Ba lokacinsa ba ne don haka ba mu ga 'ya'yan ba, amma na yi mata bayani cewa abin da take jefawa a kunu da shayi furen bishiyar ne tun bai buɗe ba ake tsinkewa a shanya har ya yi baƙi. Turawan Ingila ne suka kawo irin biyun daga tsibiran Maluku bayan Francis Light ya karɓi Penang a 1786, so suke su karya Holan da suka kankane cinikin. Hajiya ba ta bi ta kan tarihina ba, man gyaɗar ƙamshi na shafawa ta saya kwalba shida saboda gwiwa.

Sai duriyan. Watan Yuli ne, tsakiyar kakarsa, kuma Balik Pulau ita ce gidansa a tsibirin. Wanda bai sani ba, ɗan itace ne da ya kai kan mutum, jikinsa duk ƙaya masu kauri, ba a tsinkarsa a can sai ya nuna ya faɗo da kansa, shi ya sa za ka ga an ɗaura raga a ƙarƙashin bishiyoyin. Warinsa kuwa har otal da bas an hana shiga da shi. Muna tsaye sai muka ji fuuu, tim, ɗaya ya faɗo cikin raga, tsakaninsa da Kawu ya yi taku goma ko fiye, wannan shi ne duk abin da ya faru, ku da kuka ji a Farin Gada. Pak Cik ya yi dariya ya nuna sama ya ce rezeki. Kawu ya juyo ya ce me ya ce? Na ce arziki ya ce. Ya ce kai, Hausa yake ji? Daga nan fa aka ɓalle, suka zauna a kan benci suna gwada kalmomi, wannan ya ce Khamis wancan ya ce Alhamis, Jumaat Juma'a, Sabtu Asabar, waktu wakati, dunia duniya, kowace aka dace sai su tafa kamar yara, ni da nake tafinta aka manta da ni gaba ɗaya.

Da aka fasa, irin wanda suke kira Ang Heh ne, namansa ruwan lemo-lemo mai laushi kamar kindirmo mai kauri. Kawu ya kai hanci ya ja da baya ya ce shekararsa talatin yana zubar da ruɓaɓɓiyar albasa bai taɓa tunanin za a sayar masa da ita da tsada ba. Na ce ku dai ɗanɗana. Ya lakata a yatsa ya taɓa a harshe ya ce a kai kasuwa. Hajiya kuwa da ake ganin ita ce mai ƙyanƙyami, shiru muka ji, ashe ta cinye uku tana neman na huɗu, wai kamar an dama madara da zuma an ɗan saka tafarnuwa.

Azahar muka yi a wani surau, wato ƙaramin masallaci, na katako a ƙauyen masunta na Pulau Betong, 'yan Shafi'iyya ne, bayan sallama kowa ya miƙo wa Kawu hannu biyu sannan ya shafi ƙirji. A nan wani ya nuna mana a jikin bango inda ruwa ya kai ranar igiyar tsunami ta 26 ga Disamba 2004, don gefen nan na yamma shi ya kalli inda ta fito. Muka ci laksa a rumfar wata mata, taliyar shinkafa ce mai kauri cikin romon kifi mai tsami da na'ana'a da abarba da albasa, Kawu ya ce miyar kirki ce aka ɓata da abarba amma ya shanye romon tas. Can gefe an shanya belacan, ƙananan jatan lande ne ake cuɗawa da gishiri a bar su su ruɓa a daka a shanya, Hajiya tana jin warin ta ce ai daddawarsu ce wannan, kuma ta yi gaskiya don aikin da take yi a miya ke nan. Ta sa na saya mata ƙulli biyu, duk da na ce Hajiya akwatinku fa.

Ba mu tsaya faɗuwar rana a bakin teku ba duk da shi na fi so su gani, hadari ya haɗo kuma madam ta kira sau uku. Sai da muka hau tsauni ruwa ya tsuge, muka rufe gilasai, a nan ne asiri ya tonu, ashe Hajiya ta sa Pak Cik ya ƙunsa mata sauran duriyan a roba ta tura ƙarƙashin kujera. Kawu ya naɗe hanci da hular sanyin da ya taho da ita daga Jos bai taɓa samun damar sakawa ba sai ranar. Motar kuwa sau biyu na kai ta wanki, na zuba garin kofi na kwana da gilasai a buɗe, duk da haka da na mayar wa mai ita yana buɗe ƙofa ya kalle ni ya ce, Balik Pulau kuka je ko?