Ruwan farko a Aboabo

Na sauka Kumasi a watan Disamba, hunturu na kaɗawa, na zo taya kawuna harkar goro a unguwar Aboabo. Wata uku na farko duk a kasuwa suka ƙare. Ina koyon lissafin sidi, kuɗin Ghana, ina koyon gaisuwa da Tuwi, yaren mutanen Asante, ina kuma saba kunne da Hausar Zango, wadda ba ta cika damuwa da raba mace da namiji a magana ba. Ban taɓa ɗaga kai na dubi bishiya ba. Gani nake ba ƙasata ba ce, ba ta da abin da za ta gaya mini.

A ƙauyenmu na ƙasar Katsina kowa ya san alamun damina. Shamuwa za ta dawo ta sauka a kan kuka, gawo zai fara zubar da ganye, tsofaffi su ce a gyara fartanya. Nan kuwa ba shamuwar da na gani, ba gawo. Shi ya sa ranar da hadari ya haɗu a cikin watan Maris, lokacin da a gida bazara ke gasa mutane, ban shirya ba.

Maƙwabciyarmu Hajiya ce ta fara ankarar da ni. Tun da hantsi ta nuna mini jerin tururuwa suna hawa bango da ƙwayayensu farare a baki. "Ɗana, kwashe buhunanka," ta ce, "waɗannan sun riga ka jin labari." Na ce to, Hajiya, amma ban kwashe ba. Kafin la'asar aka kece da ruwa, sai da ni da kawu muka yi ta jan kaya a guje.

Daren nan ban yi barci ba. Kwaɗin da wata uku ban ji ko ɗaya ba suka cika bakin rafin Aboabo, na wannan gefe ya kira, na wancan ya amsa. Shinge ya rufe fitilar masallaci, yara na tara shi a kwano. Da asuba ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo ɗaki, irin na gida sak, sai na ji ƙwalla ta cika mini ido. A sallah na tuna ayar nan ta Suratul Hajji da ke cewa za ka ga ƙasa a mace, idan aka saukar mata da ruwa sai ta motsa ta kumbura ta tsirar. Tun ina almajiri nake karanta ta, amma ranar na gan ta a ƙofar ɗaki.

Bayan mako biyu kawu ya aike ni wani ƙauye a hanyar Offinso wajen manomin da muke sayen goronsa. Ranar Alhamis ce, na tarar da shi zaune a gida. Ya ce mutanen Asante ba sa sara ƙasa ranar Alhamis, domin ranar Asase Yaa ce, wato uwar ƙasa a aƙidarsu ta gargajiya, ƙasa na hutawa. Aƙidata dabam da tasa, ni na san ƙasa baiwar Allah ce mai tasbihi. Duk da haka na girmama mutumin da ke jin nauyin ƙasar da ke ciyar da shi, kamar yadda ake jin nauyin uwa.

Da zai raka ni bakin hanya sai ya durƙusa ya ce in taɓa wata 'yar ciyawa mai ƙananan ganye. Ina sa yatsa ta naɗe ganyenta ɗaya bayan ɗaya, kamar amarya ta ja mayafi. Muka tsaya shiru, can ta sake buɗewa a hankali. Sau uku na taɓa ta, sau uku ta san an taɓa ta.

Yanzu in magariba ta yi nakan tsaya kusa da kasuwar Kejetia in kalli jemagu suna tashi daga bishiyoyin gidan namun daji, su rufe sama baki ɗaya. Jiya na kira Inna, ta ce zafi ya ishe su, rijiyar unguwa ta ja baya. Ta tambaye ni ko an yi ruwa a wajenmu. Na ce Inna, har sau biyar, kuma nan damina biyu ake yi a shekara. Ta yi shiru, sannan ta ce in gaya wa hadarin ya biyo hanyar arewa, ita ma ta fara duba kan kuka ko shamuwa ta iso.